Irin da Na Ce Gara Ta Ci

Bana ruwa ya sauka sau biyu a farkon damina, kowa ya fita ya yi shuka, sai ya ɗauke kusan mako uku. Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a inuwa ina jiran mai babur ɗin da zai mai da ni gida, na ji wani magidanci a bayana yana ce wa abokinsa, "Ni kam na haƙura. Shekarar nan ta mutu." Ban waiwaya ba, ban kuma san ko wane ne ba. Amma maganar na san ta, don ni ma na taɓa yin ta, na kuma bi ta da aikin da ya fi ta muni.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, saura kaɗan Turawa su tafi. Muna zaune a wani ɗan ƙauye arewa da Dutsin-Ma, a bakin hanyar da masu jakuna ke bi zuwa Kurfi. Baba ya rasu da shekara biyu, ya bar mana gandu ni da wana, Yaya Sada. Gona ɗaya muke nomawa tare, amma kowa da tukunyarsa, kowa kuma da 'yar gayaunarsa a gefe, wadda yake nomawa don kansa. Yaya yana da matarsa Kande da 'ya'ya uku. Ni ina da Indo da jaririyarmu Talatu, wadda ko zama ba ta fara ba.

Baba ya bar mana wata ƙa'ida a kan iri. Da kaka, kafin a ɗaure dami ko ɗaya na ci, sai a bi gona a zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a ɗaure dami shida, a kasa uku. Biyu na shukar farko, biyu na sakewa in ta farko ba ta yi ba, biyun ƙarshe kuwa ba a taɓa su sai an ga babu wata hanya. A shekarar rumbun Yaya ya tsage, nawa kuwa sabo ne, an gina shi lokacin aurena. Saboda haka a nawa aka ajiye irin duka.

Bazarar ta yi tsanani. Daminar da ta gabata ba ta cika ba, don haka tun kafin zafi ya kankama muka koma tuwo sau ɗaya a yini, da rana sai kunu. Duwatsun da ke kewaye da mu suna shan rana tun hantsi, da la'asar su riƙa huro ta kamar bakin murhu. Ruwan randa ya kan yi ɗumi. Rijiyar unguwa sai da aka ƙara wa guga igiya sau biyu, daga baya mata suka koma tona yashi a rafi, su zauna su jira ruwa ya taru a ramin kafin su kwalfa da ƙoƙo. Awaki ba su da wurin zuwa sai gindin gawo, suna jiran 'ya'yansa su faɗo.

A cikin wannan zafin na kawo shawarar binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ranar da ya sauka ya tarar da shi a ciki.

Na ce, "Yaya, mu yi binne. Ranar da wasu ke neman inda suka jefa sungumi, mu tamu ta tsiro."

Ya ce, "Binne caca ce, Rabe. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka ci. In yayyafi ne, ka zuba iri a wuta."

"Ai Baba yana yi."

"Baba yana yi a jigawar gabas kaɗai. Ban taɓa ganin ya binne gona duka ba."

Na dame shi kwana da kwanaki. Ni a raina so nake a ce ƙaramin ɗan marigayi ya riga kowa cin tumu. Da ya gaji ya ce, "To, mu gwada. In ta yi mun gode Allah, in ba ta yi ba mun koyi abu." Muka yi kwana huɗu, shi yana sara da sungumi, ni ina bin sa ina jefa iri ina rufewa da diddige, ƙasa tana ƙona mana tafin ƙafa. Ranar kasuwar Kurfi na je har rumfar Mani, ɗan Goggonmu, wanda yake taubashina, abokin wasa tun muna yara. Na ce masa ya wanke baki, bana a hannuna zai fara cin sabon gero.

Abin da Yaya ya ji tsoro shi ya faru. Hadari ya haɗu wata ranar Lahadi da yamma, ya yi baƙi har kaji suka shiga akurki, amma iska ta kwashe shi. Abin da ya sauka bai wuce ya jiƙa bayan riga ba. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsalle. Bayan kwana huɗu gero ya huda, layi-layi, siriri kamar allura. Na yi ta zagaya gona hannuwana a baya. Daga nan sama ta washe, ba ko gajimare. A kwana na takwas tsiron ya fara naɗewa, a na goma sha biyu in ka taɓa shi sai ya murƙushe a yatsa.

Ranar da muka je muka ga babu sauran kore, ni na tsaya a bakin gona na kasa shiga. Yaya kuwa ya shiga har tsakiya, ya tsuguna, ya tona rami da yatsa, ya ciro mataccen tsiro yana duba saiwarsa. Ya matsa gaba ya sake tonawa. Ya daɗe yana haka.

Ya ce, "Ka gani? Inda sara ta yi zurfi irin bai ma tsiro ba, yana nan lafiya. Inda hannuna ya gaji na yi sama-sama, nan ya tsiro ya ƙone. Laifin sarata ne rabi." Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "To, mi ya rage?"

Wannan ita ce tambayarsa a kan kome. Ko akuya ta mutu, ko katanga ta faɗi, ba ya tambayar wa ya jawo, sai mi ya rage. A lokacin haushi take ba ni. Gani nake kamar bai san zafin abu ba. Kuma da ya ɗora rabin laifin a kan sararsa, sai na ji kamar zagina yake a fakaice, don ni na san wanda ya kawo shawarar.

Ruwa na gaske ya zo bayan kwana tara. Muka fitar da dami biyu na sakewa, muka shuka tare da kowa. Wannan karon yabanya ta yi kyau, har ta kai tsawon yatsa. Sai ruwa ya sake ɗaukewa. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, mu tsaya muna kallo, sai ya zama iska zalla. Iskar tana kwasar yashin jigawa tana watsa wa shuka, ta yanke wadda ta yanke, ta binne wadda ta binne. Abin da iska ta bari, rana ta ƙarasa.

Daga nan na daina zuwa gona. Akwai wata tsamiya a bakin hanya inda marasa aikin yi ke zama, nan na koma. Duk wanda ya zo wucewa sai na ce masa shekara ta mutu. Na ce tun da nake ban taɓa sa hannu a abu ya yi albarka ba, alhali ƙarya ce, ban daɗe da fara sa hannu a kome ba. Na fara zargin wani maƙwabcinmu, dattijo mai yawan gaisuwa, wai shi ya yi wa gonarmu baki ranar da ya ce binnenmu ya yi kyau. Na daina amsa sallamarsa da sakin fuska. Bawan Allah har ya rasu bai san dalili ba. Da aka fita roƙon ruwa a bayan gari na bi jama'a, na ɗaga hannu kamar kowa, amma a zuciyata na riga na yanke cewa ba za a ba mu ba. Wannan ma yana cikin abin da nake roƙon Allah Ya yafe mini.

Yaya kuwa kullum da safe sai ya tafi gonar da babu kome a cikinta. Ya sassaro sabara ya jera a gefen gabas don ta tare yashi. Ya kwashe takin awaki a mangala ya kai. Ya kai fartanyoyinmu maƙera aka gyara musu baki. In ya wuce ta gindin tsamiya sai ya ce, "Sannu da hutawa, Rabe," ya yi gaba. Mutanen wurin su yi dariya, ni in ce, "Ku bar shi, yana yi wa fari kwalliya."

Wata safiya da hantsi, Yaya yana gona, Kande ta tafi rafi, na hau rumbu na sauko da damin nan biyu na ƙarshe. Na kai su bayan ɗaki na kira Indo.

Ta dubi damin ta dube ni. Ta ce, "Malam, wannan ai iri ne."

"Na san iri ne. A ina za a shuka shi? A kan dutse?"

"Yaya ya sani?"

"Ni na ce ki daka."

"Akwai sauran dawa a tukunya, za ta kai mu kwana huɗu. In ta ƙare in je wurin Yaya Kande, ba za ta hana ni ba."

"Matata ba za ta je roƙo ba alhali ga hatsi a rumbuna. Ɗauko turmi."

Ta goya Talatu, ta jawo turmi bayan ɗaki. Tana sussuka hawaye na zuba. Hatsin da zai shuke gona guda, cikin kwana tara muka cinye shi, a ɓoye, ƙofa a saye.

Na daɗe ina gaya wa kaina yunwa ce ta sa. Yunwa kam akwai ta, Indo tana shayarwa, wuyanta duk ya fito. Amma gaskiyar da na gano daga baya ita ce, tsoron shuka ta uku nake yi. In babu iri ba za a sake shuka ba, in ba a sake ba, ba wanda zai sake ganin ta ƙone a hannuna. Na gwammace a ce shekara ce ta mutu da a ce Rabe ya gwada sau uku ya kasa.

Kwana biyu bayan tuwon ƙarshe, da azahar, sama ta buɗe. Ruwa ne irin wanda ba ya zuwa da iska, ya sauka a tsaye, ya yi ta zuba har tsakar gida ta zama tafki. Kwaɗi suka fara kuka tun rana ba ta faɗi ba. Ina tsaye a bakin ɗaki, sai ga Yaya ya shigo jiƙe sharkaf, sungumi a kafaɗa, yana dariya kamar yaro.

"Rabe! Fiddo iri, a sussuke yau. Gobe da sassafe muna gona."

Na ce, "Yaya, ai na duba shekaranjiya. Gara ta ci."

Dariyar ta tsaya. Ya jingine sungumi, ya hau rumbun da kansa cikin ruwan, ya ɗaga murfi ya leƙa. Duk wanda ya san gara ya san ba ta ci ta tafi haka nan. Tana barin ƙasa, tana barin hanyoyinta a jikin bango, tana barin kara a rarake. Rumbuna kuwa fes yake kamar an share. Ya daɗe kansa a ciki. Da ya sauko bai dube ni ba, ya dubi ruwan da ke gudu ta ƙofar gida.

Ya ce, "To. Gara ta ci. Mi ya rage?"

Washegari Kande ta ga ƙaiƙayin gero a bayan ɗakin Indo, inda ruwa ya tono shi daga ramin da na binne shi. Kande ba muguwar mace ba ce, amma tana da 'ya'ya uku da take kallo suna ramewa. A ganinta Indo ce ta saci iri ta daka, ni kuma na rufa mata asiri da zancen gara. Kafin kwana biyu maganar ta kai rafi. Mata suka sa wa Indo suna. In ta zo ɗiban ruwa sai wata ta ce, "Ina kwana, Gara?" wata ta ce, "Ku rufe ƙwaryarku, ga ta nan." Indo ba ta taɓa buɗe baki ta ce ni ne ba. Ni kuma ina ji, na yi shiru, har wani sanyi nake ji a raina da abin ya sauka a kan wani.

Yanzu in iri ya ƙare, mutum ya hau babur ya je kasuwar Dutsin-Ma ya sayo a leda, kafin azahar ya dawo. A lokacin iri yana hannun maƙwabta ne, su kuma kowa ya shuka sau biyu ko uku, ya karkaɗe rumbunsa. Yaya ya zaga gari gida-gida, abin da ya samo bai cika ƙoƙo ba. Muka shuka shi a kusurwa ɗaya. Sauran gonar tana kwance, jiƙaƙƙiya, baƙa, ga taki, babu abin sa mata.

A rana ta uku ya ce in ɗaura wa jaki akumari, za mu Kurfi. Wani mai jaki ya gaya masa can ruwa bai yanke musu kamar mu ba, maiwarsu da dawarsu sun kai tsawon kamu ɗaya, har sun fara noman firi, wato noman farko.

Na ce, "In ma sun ba mu iri, ai lokaci ya wuce."

Ya ce, "Ba iri za mu roƙa ba. Suna rage shuka yanzu. Abin da suka cire suka yar, shi za mu kwaso mu dasa."

"Mu kwaso sharar gonar wasu?"

"Ita ta rage."

Mun isa gidan su Mani kafin azahar. Goggo ta dama mana fura, ta yi ta kallon ƙasusuwan wuyanmu tana salati. Mani kuwa tun daga nesa ya fara.

"A'a! Ga sarkin noman Dutsin-Ma! Tun wata biyu nake wanke baki, har haƙorana sun fara zubewa. Ina tumun nawa?"

Na ce, "Bar ni, Mani."

"In bar ka? Ko ka baro shi a hanya ne don ya yi wa jakin nauyi? Yaya Sada, gaya mini gaskiya, wanga jakin ne ya ba da shawarar binne ko wancan?"

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Da wanga na bi shawara tai da mun fi haka." Wasan taubasai ne, da a wata shekara ce da na rama har sai Mani ya gudu. Ranar kuwa ji na yi kamar ya watsa mini barkono.

Muka shiga gonarsu. Kowane rami tsiro ya fi goma, a bar uku ko huɗu, a cire sauran. Mani da mutanensa suna cirewa, mu muna bi muna tattarawa, muna ɗaurewa da rama. Ni kaina a ƙasa, kada masu wucewa su gane ni. Yaya kuwa baki bai huta ba. Yana tambayar Mani zurfin da ake yi wa ramin dashe, da ko ana yanke ganye, da wadda ta fi jure tafiya tsakanin maiwa da dawa. Mani ƙanensa ne da shekara goma, amma Yaya ya tsaya yana sauraronsa kamar almajiri gaban malami. Muka shafe saiwoyin da laka, muka cika mangala, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, muka kamo hanya.

Da safe ana yayyafi muka fara dashe. A yanke kan ganyen, a soka sanda a ƙasa, a sa tsiro biyu, a danne da diddige. Bayanmu ya riƙe, laka ta ci mana tsakanin yatsu. Muka koma Kurfi karo na biyu, muka dawo muka dasa. Da na je gona a rana ta uku, na tarar da dashen farko duk ya kwanta. Ganyen ya yi fari-fari ya manne da ƙasa, kamar yadda na ga shuka ta yi sau biyu a shekarar.

Na jefar da sandar. Na ce, "Ka gani ko? Sau uku ke nan. Ni na gama wahalar banza."

Yaya ya ce, "Mani ya ce haka yake yi. Ka ba shi kwana biyar."

"Mani! Mani da ke mana dariya?"

Na koma gindin tsamiya, na sanar da mutane dashe ma ya mutu. Yaya ya kora jaki ya tafi Kurfi shi kaɗai, ya dawo da kaya na uku, ya ƙarasa gandu. Ya ware ƙulli biyu manya ya ajiye a inuwar kalgo a bakin gayaunata, ya aiko Indo ta gaya mini nawa ne. Ta ce in na yarda ita za ta dasa, ko da goyo. Na ce kada ta kuskura, ba za a ƙara yi mini dariya a kan gonata ba. Ƙullin nan biyu suka bushe a inda ya ajiye su.

A rana ta shida ya zo har gindin tsamiya, ya kama hannuna a gaban mutane kamar ƙaramin yaro, ya ja ni gona. Ya tsuguna gaban wani dashe da ganyensa ya bushe ƙarau, ya buɗa tsakiyarsa da farce. Wani sabon ganye ne a ciki, a naɗe, kore shar. Ya buɗa na gaba, haka. Na bi layin da ido, sai na ga ko'ina ƙananan kunnuwa sun miƙe. Da na duba da kyau tun kwana uku da suka wuce, da na gan su. Ban duba ba ne.

Na koma aiki, amma lokacin dashe ya wuce, Kurfi sun gama ragi. Muka yi noma, muka yi maimai. Marka ta zo, kwana uku huɗu ba a ganin rana, tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa sai hayaƙi. Yunwar tsakiyar damina ta fi ta bazara ciwo, don ga kore ko'ina amma ba abin sa wa a baki. Mun ci kwaɗon tafasa har fitsarinmu ya canza, mun ci rama, mun ci tuwon dusa. Ni da Yaya mukan yi ƙwadago a gonar masu hali da safe a ba mu hatsi, da yamma mu yi tamu. Indo takan tafi rafi tun kafin sauran mata su fito, don kada ta haɗu da su. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki. Ina gani.

Allah Ya sa ruwa ya kai inda ake so, raɓa ta ƙarasa dawa. Mun yi girbi bayan kowa. Gandu ya ba da kamar rabin abin da ya saba, wanda in aka yi tattali zai kai mu wata damina. Gayaunata kuwa tafasa ce da ƙarangiya har ƙugu.

Ranar rabo muna bakin gona mu biyu. Yaya ya ware na iri, ya kasa sauran biyu daidai. Sannan ya je ga ɗan tarin da ya samu a gayaunarsa, ya ɗauko dami uku ya ɗora a kan nawa kason.

Ya ce, "Wanga na Talatu ne, za a yaye ta bana."

Na zauna a kan kara na ce, "Yaya, gara ba ta ci iri ba. Ni na sauko da shi. Ni na tilasta wa Indo ta daka, tana kuka."

Ya ci gaba da ɗaure damin da ke hannunsa. Ya ce, "Na sani. Ranar na dawo ɗaukar igiya, na ji garar taka tana sussuka da taɓarya a bayan ɗaki, na ji kuma muryar wanda ke ba ta umarni. Kafin in zagayo an riga an farfashe zangarniya. Na ce bari in ga ko za ka faɗa."

"Mi ya sa ba ka doke ni ba? Mi ya sa ba ka raba gandun ba?"

"In na doke ka iri zai dawo? Ina da gona a kwance, ina buƙatar hannu biyu." Ya ja igiya ya ƙulle. "Amma ni ma ina da nawa laifin. Na hana Kande faɗin sunan nan a gida, ban iya hana matan gari ba sai in na tona ka. Na yi ta jiranka, yarinyar mutane tana biya. Wata huɗu, Rabe."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Nawa mai sauƙi ne, na yafe. Amma sunan nan a gaban mutane aka sa mata. Ba a cikin ɗaki za ka cire shi ba."

Mata suna masussuka a bayan gari, a kan wani falalen dutse, sun fi goma. Tun daga nesa nake jin taɓare. Namiji ba ya zuwa wurin sai da dalili, don haka da suka gan ni sai dakan ya tsaya ɗaya bayan ɗaya. Indo tana can gefe ita kaɗai, inda ta saba tsayawa a watannin nan, Talatu a bayanta, ƙwarya a hannu tana shiƙa.

Na yi sallama. Na ce, "Yaya Kande, da ku duka, ku ji. Irin gandunmu ni na ɗauko shi, ni na sa Indo ta daka. Ta hana ni, na ƙi ji. Ta ce a gaya wa Yaya, na ƙi. Ba ta saci kome ba. In akwai gara a gidanmu, ni ne."

Kande ta saki taɓarya ta rufe baki da hannu biyu, ta ce, "Innalillahi. Indo, ke kuwa ki yi shiru haka?" Wata tsohuwa da ke zaune tana tsince tsaba ta ɗago kai ta ƙare mini kallo, ta ce, "To, sannu Rabe Gara. Ka ci iri, ka ci sunan matarka, saura mi?" Aka fashe da dariya. Sunan bai sake ni ba, tsofaffin garinmu da shi suka kira ni har suka ƙare, ban kuma taɓa cewa a daina ba.

Na taka har inda Indo take, na tsaya a gabanta. Na ce, "Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana juya hatsin da ke cikin ƙwarya da yatsa. Sannan ta goge ido da bakin zane, ta gyara goyonta.

Ta ce, "Na yafe, Malam. Matsa gefe, ka tare mini iska."

Na matsa. Ta ɗaga ƙwaryar sama ta zubo, ƙaiƙayi ya tashi ya bi yamma, tsaba ta sauka a faifai.